Rushe Ɗakunan Mugunya Ba Tare da Wuƙa Ba

Tsakanin huhu da bangon ƙirji akwai wani siririn fili mai ɗan danshi, wanda ke ba huhu damar zamewa yayin numfashi. Idan nimoniya ta yi tsanani, ruwa kan taru a nan, har ya rikiɗe ya zama mugunya. Likita zai cusa bututu ta tsakanin haƙarƙari don ya tsiyaye ta, sai a ga ta ɗiga kaɗan ta tsaya cak. Zaren nan da ke daskarar da jini ne ya yi shinge-shinge a ciki, ya raba mugunyar ɗaki-ɗaki kamar saƙar zuma, bututun kuwa ɗaki guda kawai ya tarar.

Tun 1949 William Tillett da Sol Sherry a Amurka suka fara ɗura streptokinase, maganin narkar da gudan jini, cikin ƙirji don ya cinye shingen. An daɗe ana yin haka, har 2005 da wani babban gwaji a Birtaniya kan majinyata 454 ya nuna cewa bai rage mutuwa ba, bai kuma rage masu zuwa tiyata ba.

A nan ne Najib Rahman da abokan aikinsa na Jami'ar Oxford suka burge ni. Maimakon su watsar da dabarar, sai suka duba ita kanta mugunyar: ko an rushe shinge, kaurinta ba zai bari ta bi bututu ba, kaurin kuma daga DNA ɗin matattun fararen ƙwayoyin jini yake. Sai suka haɗa biyu, alteplase miligiram 10 mai rushe shinge da dornase miligiram 5 mai tsinka kauri, sau biyu a rana har kwana 3. A sakamakon da suka fitar a 2011, waɗanda aka tura tiyata sun sauko daga kashi 16 cikin ɗari zuwa 4, zaman asibiti ya ragu da kusan mako guda. Wani abin mamaki, dornase shi kaɗai ƙara dagula lamarin ya yi.

Aikin kansa sai mai natsuwa. A duba da na'urar sikanin a tabbatar bakin bututu na cikin ruwan, a ɗura magani, a bi shi da ruwan gishiri, a matse bututun kamar awa ɗaya, sannan a sake. Daga nan sai ido a kan kwalbar da bututun ke zuba ruwan a ciki: yawan abin da ya fito da launinsa. Ɗan ja-ja ba abin tsoro ba ne, amma jini tsantsa na nufin a dakata. Mai shan maganin tsinka jini kuwa, sai an yi dogon nazari kafin a taɓa shi. Gwani shi ne wanda ya san lokacin da magani ya gaza, ya kira likitan tiyata tun huhu bai ƙage ba.