Masu Farautar Sabis a Karkarar Kano

Daga Dawanau ka miƙi hanyar Katsina zuwa Bichi da Tsanyawa, ko ka ɗauki ta Daura ka bi ta Dambatta, da wuya ka yi tafiyar minti biyar ba ka hango gida ba. Gona na manne da gona, ƙauye na kallon ƙauye, babu daji sai itatuwan da manomi ya bari da gangan: gawo, ɗorawa, kuka, tsamiya, sai darbejiya da ta zo daga baya ta cika ƙofar gidaje. Wannan cikowar ce ta ja hankalin Michael Mortimore, malamin labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya duƙufa nazarin yankin tun cikin shekarun 1960. Inda jama'a suka yi yawa haka akwai ciniki, shi ya sa tun da MTN da Econet suka fara aiki a 2001, Glo ya biyo a 2003, ƙarafan sabis suka yi ta tsirowa a bakin manyan hanyoyi. Sabis ɗin yana nan. Amma sau da yawa yana bayan masallaci, ko kan tudun bakin gari, ko a kusurwa guda ta filin makaranta, ba ya cikin shagon da ake buƙatarsa.

Kamo shi daga can a shigo da shi inda ake so, ya kuma zauna daram, sana'a ce. Masu yin ta samari ne mafi yawa. Wasu sun koyi gyaran waya a Farm Centre cikin birni, wasu daga ɗaura kwandon tauraron ɗan'adam na kallon ƙwallo suka faro, wasu daga haɗa sola. Injiniya ake ce musu, ko da ba su taɓa shiga ajin jami'a ba, kuma wanda ya tsaya ya kalli gwaninsu yana aiki ba zai yi musu rowar sunan ba.

Kasuwarsu ta buɗe sosai a farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Mai shayi, mai taki, dillalin awaki, kowa ya koma tiransifa. A lokacin aka gane cewa shagon da sabis ba ya zama a cikinsa ya yi asarar ciniki, ko da kaya sun cika shi maƙil. Injinan Moniepoint da OPay da PalmPay suka bazu har rumfunan kasuwannin mako. Ga kuma masu shagon kwamfuta da ke yi wa yara rajistar JAMB da duba sakamako, ga gidajen da ɗansu ke Saudiyya ko Legas ana son a gan shi a waya.

Gwani ba ya fara da sayen kaya. Tambaya yake farawa da ita.

"Alhaji, me da me za a riƙa yi da shi?"

"Kai dai Injiniya sa mini mai ƙarfi."

"Ranka ya daɗe, mai ƙarfin akwai shi, amma kowane wata sai ya ci abincinsa. Mutum nawa za su hau?"

A nan ake raba gari da mai son cin kuɗin mutane. Injin POS ba ya cin data ta a zo a gani. Saƙon da yake turawa ɗan mitsitsi ne, abin da yake so kawai kada layi ya yanke a tsakiyar ciniki, a cire kuɗin mutum alat bai shigo ba, a wuni ana cacar baki. Irin wannan shago ƙaramar na'urar aljihu mai ɗaukar layi ɗaya ta ishe shi, in dai an samo mata wurin zama mai kyau. Mai shagon kwamfuta shi damuwarsa turawa ce, hoto da takardu su tafi kafin shafin ya rufe. Gidan da yara ke kallon bidiyo kuwa yawan data ne matsalarsa, musamman tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Buƙata uku, magani uku.

Abubuwan da gwani zai zaɓa daga ciki ba su da yawa. Wayar faiba, wadda ke ɗauke da saƙo da haske cikin zaren gilashi, ita ce ta fi kowace, amma zuwa ƙofar gida sai a wasu unguwannin birni. Babu wanda zai haƙa rami na kilomitoci saboda shago biyar. 5G ya iso Kano a 2022, sai dai zangonsa gajere ne, bai yi nisa da birnin ba. Saboda haka abin da ya rage wa ƙauye shi ne 4G ta hanyar rauta mai layi, ko Starlink, ko a harbo intanet ɗin daga wani wuri da ke da shi.

Sai aunawa, kuma nan ne gwanintar take. Za ka gan shi da layukan MTN da Airtel da Glo da T2 (tsohon 9mobile) a cikin kwalin ashana, da waya guda da ya ware don wannan aiki. Sandunan sabis da mu muke kallo a saman waya, shi bai yarda da su ba. Akwai manhajar da ke nuna masa ƙarfin siginar da lamba, kuma lambar tana da alamar ragi a gabanta, don haka ƙarama ta fi babba: 85 abu ya yi kyau, 100 a lallaɓa, 110 zuwa sama sai haƙuri. Yana tafe a hankali, waya a sama, ya tsaya a bakin ƙofa ya jira lambar ta natsu, ya zaga bayan ɗaki, ya taka buhu ya miƙa hannu, ya juya gabas ya juya arewa. Taku uku kan iya canza lamba da goma. Akwai kuma lamba ta biyu mai nuna tsabtar siginar, domin in ƙarfe biyu suna jefo maka sigina lokaci guda, ƙarfi zai yi yawa amma hayaniya ta ɓata shi. A yanki mai cunkoso irin wannan, hakan na faruwa fiye da yadda ake zato.

Gwani na gaske ba ya gama hukunci da rana. Yakan dawo bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya kishingiɗa da wayarsa. Ƙarfen sabis kamar rijiyar unguwa yake: da hantsi kai kaɗai ne, guga ya fito a cike, da yamma kowa ya zo sai a raba abin da ya samu. Layin da ya yi gudu da ƙarfe goma na safe yana iya rarrafe da tara na dare. Haka ranar da kasuwar garin ke ci. Wani lokaci sai ya bar ƙarfen da ke kusa, ya saita eriya ga wani mai nisa da ba shi da jama'a sosai, a sami sigina mai rauni kaɗan amma hanya a buɗe.

Ya kuma san cewa ba zango ɗaya ake watsa 4G a kansa ba. Ƙananan zanguna, irin 700 da 800, suna tafiya nesa suna ratsa bango, amma ba su ɗaukar kaya da yawa. Manya, irin 1800 da 2600, sun fi gudu amma sukan gaji da wuri. Rauta in an bar ta da kanta takan yi ta tsalle tsakaninsu, intanet na ɗaukewa yana dawowa. Shi sai ya shiga cikinta ya ɗaure ta a kan wanda ya fi zama. Mai shago bai san an yi haka ba, ya dai ga abu ya daina yankewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke lissafi da damina tun ana tsakiyar rani. A watan Maris gonaki fayau suke, kana hango ƙarfen sabis daga nesa. Zuwa Agusta dawa ta fi mutum tsawo, darbejiya da mangwaro sun yi duhu, ganye kuma in ya jiƙe yana shanye sigina. Wanda ya ɗaura eriya da rani bai duba abin da ke tsakaninta da ƙarfen ba, zai sha kira da damina. Amma in gawo ne a tsakani, gwani ba ya damuwa da damina, domin gawo shi a lokacin yake zubar da ganye, sai rani ya yi kore. Wannan ilimi ba ya cikin takardar da ke zuwa a kwalin rauta. Ɗan manomi ne ya zo da shi daga gida.

Ginin ma ana karanta shi. Rufin kwano yana mayar da sigina baya, katangar ƙasa mai kauri tana danne ta. Don haka sai a fita da na'ura waje a ɗaga ta sama a kan bututun ƙarfe. Sabon shiga yakan bar rauta a ɗaki ya ja doguwar wayar eriya zuwa sama, bai san sigina na tsiyayewa a cikin irin wannan waya da kowace mita ba. Gwani yakan kai rautar kanta can sama kusa da eriya, ya sauko da kebul ɗin kwamfuta, wanda ke kai mita 100 ba tare da asara ba, har wuta ma ana iya turawa ta cikinsa. Inda babu kuɗin rautar waje, za ka ga robar fenti fara a kife a kan sanda, an huda ta ta ƙasa don iska, an toshe hudar da raga saboda zanzaro da ƙadangare. Fara ake nema saboda zafin bazara, wanda ke haura digiri 40 ya sa na'ura ta riƙa kashe kanta. Dole kuma a ja waya daga sandar zuwa ƙarfen da aka binne a ƙasa. A nan ne da yawansu ke da rauni, gaskiya. Tsawa guda a farkon damina ta isa ta ƙone rauta da inbata da talabijin, kuma ƙarfe mafi tsawo a unguwa shi take nema.

Kafin gwani ya hau kuwa, sai ya aika yaro gidajen maƙwabta a sanar za a hau sama, mata su kintsa. Wanda ya tsallake wannan, ko sabis ɗinsa ya kai na birnin Dubai, ba zai sake samun aiki a garin ba. Haka in gida ne, sau da yawa a zaure yake kafa abin da ke raba wayifai, yadda samari da baƙi za su samu daga waje, matan gida su samu daga ciki, ba tare da wani ya ƙetare iyaka ba.

Wuta ita ce rabin aikin. Rautar 4G cinta bai wuce na ƙwan fitila ba, wat goma ko ƙasa da haka, kuma yawancinsu da bolt 12 suke aiki, don haka ana iya haɗa su kai tsaye da batir da ƙaramin faifan sola, ba sai an bi ta inbata ana asarar wuta a hanya ba. Sai dai ya ja kunnen mai gida: lokacin hunturu a riƙa goge faifan, ƙurar hazo na rage masa ƙarfi.

Wannan lissafin wutar ne ke sa gwani ba ya gaggawar cewa a sayi Starlink. Ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, kuma abin mamaki ne: taurarinsa na shawagi a nisan 'yan ɗaruruwan kilomita kacal, ba kamar na kallon talabijin da ke wajen kilomita 36,000 ba, shi ya sa ba ya jinkiri. Ba ruwansa da ƙarfen sabis, sararin sama kawai yake so babu reshe. Amma faifansa na cin wuta ninki biyar ko fiye na rautar layi, kayan da tsada, kuɗin wata kuma ba ya jiran a girbe gyaɗa. Ga shago guda, nauyi ne. Ga makaranta, ko asibiti, ko shago goma da suka haɗa kai, yana iya zama araha. A nan cikowar yankin ta zama alheri. Ƙasar shimfiɗe take, ƙauyuka kusa da juna, don haka da ƙananan eriyoyi biyu irin na Ubiquiti ko MikroTik masu kallon juna ana iya harba intanet kilomita da dama, in dai babu abin da ya gitta. Saita su aikin mutum biyu ne, ɗaya a kan wannan sanda ɗaya a kan waccan, waya a kunne: "Ɗan yi dama. Ya yi yawa, dawo. Tsaya nan, ɗaure!" Wanda zai mai da abin kasuwanci yana sayar wa jama'a dai ya sani sana'a ce mai buƙatar lasisin NCC, kuma tsarin Starlink na gida ba don sayarwa aka yi shi ba.

Ko da komai ya zauna, gwani yakan bar wa mai shago layi na biyu. Nan ma akwai dabara. Yawancin ƙarafan na kamfanoni irin su IHS ne da American Tower, su ke ba da haya, don haka kamfani biyu ko uku kan rataye a ƙarfe guda. In man janareton wannan ƙarfe ya ƙare, duk tare za su mutu. Saboda haka layin ajiya sai ya zama na wani ƙarfen daban, ba wani kamfanin kawai ba. Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin kowa: ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin da ke ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da intanet suka rikice a faɗin ƙasa. Irin wannan rana Injiniya ba shi da laifi, ko da shi ake kira.

In za ka sa intanet a shago ko a gida, kira mai aunawa kafin ka je kasuwa, ka biya shi kuɗin aunawar daban ko da bai sayar maka da komai ba. Ka ce ya gwada da dare, ka tambaye shi yadda abin zai kasance in ganye ya fito, kuma kada ka cika masa kuɗinsa sai ka ga wayar tsawa ta shiga ƙasa.