Takubban Arewa a Idon Bivar: Bitar Nigerian Panoply

Littafin nan na A. D. H. Bivar, wanda Hukumar Kayan Tarihi ta Nijeriya ta wallafa a 1964, ƙarami ne, amma shi ya koya mini duban takobi. A yammacin Zamfara, daga Anka zuwa Gummi da Bukkuyum, takobi ba baƙo ba ne. Yana rataye a ɗakin tsofaffi, yana fitowa ranar hawan salla da hamilarsa. Sai dai abin da ido ya saba gani ba ya tsayawa ya tambaye shi asali.

Abin da ya fi burge ni da marubucin shi ne haƙuri. Ba ya gaggawar gaskata labarin baka, ba ya kuma raina shi. Sai ya ajiye labarin a gefe, ya ɗauki ƙarfen, ya karanta rubutun Larabcin da ke jikinsa, ya auna salon haruffan da na wasu ƙasashen Musulmi. Haka ya yi wa Gajere, takobin sarautar Katsina da ake dangantawa da Sarki Korau, wanda ke ɗauke da aya a gefe guda, da ambaton Zulfiƙari, takobin Sayyidina Ali, a ɗaya gefen. Bivar masanin tsofaffin takardun Larabci ne, kuma hannunsa ya nuna.

Inda ya yi zancen sulke kuwa, nan na fi daɗewa. Yana bin zoben ɗaya bayan ɗaya, yana duba yadda aka haɗe bakinsa da 'yar ƙusa, har ya kai mai karatu Masar ta zamanin Mamluk. Idan ka tuna Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kananeji aka shigo da sulke da lifidi da kwalkwali, sai ka ga ƙarfe da rubutu suna ba juna shaida.

Wannan irin duba shi masu tara keris, wuƙar gargajiya ta Jawa da ƙasar Malay, suka mayar ilimi. Suna ƙirga lanƙwasar ruwan, suna karanta zanen da ƙira ta bari a jikin ƙarfen, har UNESCO ta sa keris cikin gadon duniya a 2005. Mu ma muna da abin karantawa: layukan da aka rarake a tsakiyar ruwan takobi, da tambarin jinjirin wata biyu, da ƙota, da aikin kube.

A nan ne nake ganin littafin ya ɗan gaza. Hankalinsa ya fi karkata ga taskar fada da tambayar inda ruwan takobi ya fito. Tambaya ce mai kyau, domin Baturen matafiyi Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta ana shigo da ruwan takubba wajen 50,000 a shekara, galibi daga Solingen ta Jamus. To amma wa ya sa musu ƙota? Wa ya ɗinka kuben da jar fata? Na so a ce maƙeri da baduku sun sami fili kamar yadda sarakuna suka samu, domin a hannunsu ne baƙon ƙarfe ya zama namu. Hotunan ma, da yake baƙi-da-fari ne, ba sa nuna hasken tagulla ko launin fata. Ga littafin kuma da Turanci, alhali masu takubban Hausa suke ji.

Duk da haka, ban san littafin da zan fara miƙa wa mai son wannan fanni ba in ba shi ba. Roƙona ga mai tsohon takobi a gida: kada ka goge shi da takarda mai yashi, domin tambarin yakan tafi tare da tsatsar. Ka shafa masa mai, ka tambayi dattawan gidanku wa ya rataya shi, a wane yaƙi, ka rubuta kafin dillali ya yi maka tayi.