Zanen Tevdore a Majami'un Svaneti

Svaneti ƙasa ce ta duwatsu a arewa maso yammacin Jojiya, cikin tsaunukan Kaukasus. Baƙin da ke zuwa can, yawancinsu dogayen hasumiyoyin dutse su ke kallo, su wuce majami'u ba su leƙa ba. Ba abin mamaki ba ne, gama majami'un ƙanana ne ƙwarai, ɗaki guda ne na dutse, ba wani ado mai yawa a waje. Amma wanda ya shiga ciki zai ga aikin da ya isa a tsaya a duba.

Mafi shahara cikin masu zanen nan shi ne Tevdore, wanda rubutun bango ya kira shi mai zanen sarki. Ya yi wa majami'ar Iprari zane a shekarar 1096, zamanin Sarki Dauda na Huɗu, sa'an nan ta Lagurka, sa'an nan ta Nakipari a 1130.

Mai kallo da gaggawa zai ce kwaikwayon zanen Rumawa ne kurum, watau na daular Bizantiya. Wannan magana ba ta tsaya ba. Tevdore ya san bangon ƙunci ne da shi, don haka ya rage yawan labaru, ya girmama siffofin mutane, ya ba su manyan idanu da fuskoki masu kwarjini. Laifinsa ɗaya shi ne, wani lokaci siffofin kan cika ɗakin har su danne mai kallo.

Dubi zanen Nakipari. Waliyyi Jorj na bisa doki da mashi, amma ba macijin nan da aka saba gani a Turai ya ke suka ba. Diyokletiyan ya ke suka, Sarkin Rum wanda ya tsananta wa Kirista tun daga shekarar 303. Mutanen Jojiya sun daɗe da son wannan siffa. Tevdore kuwa ya zana ta don manoma da mayaƙan dutse, waɗanda suka san azzalumin sarki fiye da dodon tatsuniya.

UNESCO ta sa Svaneti ta Sama cikin kayan gadon duniya a 1996. Duk da haka laima da sanyi na cin zanen a hankali. Hasumiya in ta rushe a kan sāke gina ta, amma fuskar da Tevdore ya zana, in ta goge, ta tafi ke nan.