Itzhak Brook da farautar ƙwayoyin cutar da iska ke kashewa

Kunnen yaro na iya shafe watanni yana zubar da mugunya mai wari, a ɗauki samfuri a kai ɗakin gwaje-gwaje, sakamako ya dawo wai ba abin da ya tsiro. Likitoci sun daɗe suna karɓar irin wannan amsa suna rasa ta cewa. Ashe sau da yawa ƙwayoyin cutar suna nan, mutuwa suke yi a hanya.

Tun a 1861 Louis Pasteur na Faransa ya nuna akwai ƙananan halittu masu rayuwa ba tare da iskar oksijin ba. Wasunsu ma guba ce gare su. Kama irin waɗannan da ransu gwaninta ce mai zaman kanta, a kanta kuma Itzhak Brook, likitan yara da ya yi farfesa a Jami'ar Georgetown da ke Amurka, ya yi suna. Ya koyi aikin ne a Los Angeles wajen Sydney Finegold, wanda a zamaninsa ya yi fice a wannan fanni.

Aikin na mai haƙuri ne. Baki da hanci cike suke da waɗannan ƙwayoyi ko ga mai lafiya, saboda haka idan aka goga auduga a hanci, shirme kawai za a kwaso. Sai dai a tsabtace wurin, a soka allura kai tsaye cikin kogon ƙashin fuska da ake kira sainos, ko cikin kunne inda mugunyar take, a zuƙo ta a sirinji, a fitar da ɗan kumfan iskar da ya shiga, a toshe. Daga nan sai gaggawa. A ɗakin gwaji ana shuka samfurin a cikin tulu ko akwatin da aka zare wa oksijin, ba kuma a buɗewa kafin awa 48. Wasu ƙwayoyin sai sun yi mako ko fiye kafin su nuna kansu. Wanda ɗoki ya sa ya leƙa da wuri, ya ɓata aikinsa da hannunsa.

Da wannan hanya Brook da Finegold suka wallafa bincike a mujallar JAMA a 1979 kan daɗaɗɗen ciwon kunne, a 1981 kuma Brook ya fitar da na daɗaɗɗen ciwon sainos a yara. Sai ga ƙwayoyi irin su Prevotella da Fusobacterium da Peptostreptococcus a inda ake cewa ba kowa. Dalilin ma a fili yake: kumburi ya toshe ƙofar kogon, ƙwayoyin da suka fara shiga sun cinye ragowar oksijin, wuri ya gyaru wa masu ƙin iska.

Abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne bayanin yadda penisilin ke gazawa alhali ƙwayar da ake hari ba ta fi ƙarfinsa ba. Wasu maƙwabtanta ne ke fitar da sinadarin beta-laktames, wanda ke lalata maganin kafin ya isa, kamar mai riƙe wa ɓarawo ƙofa. Brook ya nuna haka a ciwon tonsil mai yawan dawowa da na sainos, abin da ya ƙarfafa hujjar ba da amoksisilin haɗe da klabulanet, ko kilindamaisin, idan maganin farko ya kasa. Masu sayen kafso a kemis don ciwon kunnen yara ba tare da gwaji ba, a nan ake barinsu a baya.

A 2006 aka gano Brook yana da kansar maƙogwaro, a 2008 aka cire masa akwatin murya. Bai ajiye alƙalami ba, har ya rubuta littafin jagora ga waɗanda aka yi wa irin wannan tiyata.

A fagen bincikensa kuwa, ba kowane masani ne ya bi shi har ƙarshen hanya ba. Da yawa a yau suna ganin daɗaɗɗen ciwon sainos kumburi ne tun asali, ƙwayoyin kuwa daga baya suke tarewa. Sai dai ko masu wannan ra'ayi, idan za su ƙalubalanci sakamakonsa, dole su ɗauki samfuri yadda ya ɗauka, su kuma kare shi daga iska.