Mission Blue: Sylvia Earle ta fi ƙarfin fim ɗin da aka yi a kanta

Fim ɗin Mission Blue, wanda Robert Nixon da Fisher Stevens suka shirya, ya fito a Netflix a 2014, kuma har yau shi ne ƙofar da mutane da yawa suke bi su san Sylvia Earle. Fim ne na abin da ya faru a zahiri, ya kuma cancanci kallo. Sai dai mai sha'awar kimiyya ya kalle shi da ido biyu.

Rayuwar matar kaɗai ta isa ta riƙe mai kallo. An haife ta a 1935 a New Jersey ta Amurka, ta girma a gabar tekun Florida. A 1964 ta shiga jirgin binciken Anton Bruun zuwa tekun Indiya, ita kaɗai mace a cikin maza saba'in. A 1970 ta jagoranci ayarin mata zalla a shirin Tektite II, suka yi mako biyu a wani ɗaki da aka kafa a ƙarƙashin ruwa, zurfin kusan mita 15. Sai kuma 1979, lokacin da ta sauka ƙasan teku kusa da Hawai, zurfin mita 381, ta yi tattaki a can cikin rigar ƙarfe da ake kira JIM. Don ku gane girman abin: duk mita 10 da mutum ya nutsa, ruwa yana ƙara masa matsi daidai da na iskar da ke kanmu a doron ƙasa. A zurfin nan matsin ya kusa ninki 39. Rigar ce ta tare shi, a cikinta kuma matsin yana nan kamar na waje.

Duk wannan fim ɗin ya nuna shi da kyau, musamman tsofaffin hotunan. Inda ya gaza shi ne aikin da ya mai da ita masaniya tun farko. Earle ƙwararriya ce a kan ciyayin teku. Digirinta na uku da ta kammala a Jami'ar Duke a 1966 a kan ciyayin teku masu launin ƙasa-ƙasa ne na gabashin Mashigin Meziko, aikin shekaru na nutso da tattara samfuri da tantance su ɗaya bayan ɗaya. Fim ɗin ya wuce wannan da sauri, ya fi ba aurenta da kuma yawon Stevens a bayanta lokaci. To, an san ciyawa ba ta sayar da fim kamar kifin shak. Amma ai dalilin da ya sa ake yarda da ita idan ta ce tekun ya lalace shi ne ta ƙirga abin da ke cikinsa kafin ya lalace.

Sai maganar alƙaluma. Earle tana yawan cewa kashi 90 cikin 100 na manyan kifaye sun ƙare. Wannan adadi ya fito ne daga binciken Ransom Myers da Boris Worm a mujallar Nature a 2003, kuma masana kamun kifi da dama sun ƙalubalance shi, musamman game da tuna na tekun Fasifik, saboda yawan kifin da ƙugiya ke kamawa ba lallai ya nuna yawan kifin da ke cikin ruwa ba. Raguwar gaskiya ce, kuma mai tsanani ce, amma girmanta ya bambanta daga kifi zuwa kifi, daga teku zuwa teku. Haka maganar iskar oksijin da ake yawan jingina wa teku. Gaskiya ne ƙananan halittun da ke shawagi a teku suna samar da kusan rabin oksijin da ake samarwa a duniya, sai dai halittun tekun ne da kansu ke shaƙe yawancinsa. Wanda muke shaƙa tari ne na miliyoyin shekaru. Haɗarin da ke kusa shi ne ƙarancin oksijin a cikin ruwan kansa, irin mataccen yankin da takin gona da kogin Misisipi ke kwasowa yake haifarwa a Mashigin Meziko.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne batun cin kifi. Earle ba ta cin kifi, kuma tana kiran mutane su daina. Ga Ba'amurken da ke da zaɓi goma a kanti, wannan kira ne mai ma'ana. Amma ƙididdigar hukumar abinci ta FAO ta nuna mutane sama da biliyan 3 suna samun kusan kashi 20 cikin 100 na furotin ɗin dabba daga kifi. A Senegal da Gambiya da Muritaniya, ƙananan kifayen da talaka ke ci su ne masana'antu ke niƙawa su zama abincin dabbobi da na kifin gona a ƙasashen waje. Masunci mai kwalekwale da katafaren jirgin da ke jan koma yana share ƙasan teku ba laifinsu ɗaya ba, kuma muryar mai kwalekwalen ba ta da wurin zama a fim ɗin. Mu ma da muke nesa da teku muna cikin lissafin: titus ɗin da ake soyawa a Kano daga tekun yake.

Maganin da take bayarwa, wato keɓe wasu yankunan teku da take kira Hope Spots, tunanin da ta gabatar da ta ci kyautar TED a 2009, ya samu karɓuwa. A Disamba 2022 ƙasashen duniya sun amince a Montreal za su kare kashi 30 cikin 100 na teku kafin 2030. Abin da aka keɓe zuwa yanzu bai kai rabin haka ba, kuma a yawancinsa ba a hana kamun kifi ba. Earle ta san yadda alkawarin gwamnati yake, don ta riƙe muƙamin babbar masaniyar kimiyya ta hukumar NOAA daga 1990, mace ta farko a kujerar, ta kuma ajiye shi a 1992. Shekara biyun nan su ne ya kamata fim ɗin ya tsaya a kansu ya yi mata tambayoyi masu zafi, amma Stevens masoyinta ne ƙwarai, sai ya bar ta da ɗan taƙaitaccen bayani aka koma cikin ruwa.