Ƙofar Guga da Ma'aunin Shahara a Kundin Wikipedia

Kundin sani na Wikipedia, wanda aka kafa a shekarar 2001, yana da sharaɗin cewa ba a buɗe wa wani abu shafi sai ya shahara. Abin nufi da shahara a nan shi ne a sami amintattun madogarai da aka wallafa, waɗanda ba su da alaƙa da abin, sun yi bayaninsa mai gamsarwa. An kuma hana marubuci shigar da binciken kansa. Manufar wannan maƙala ita ce auna wannan sharaɗi da Ƙofar Guga, ɗaya daga cikin ƙofofi bakwai na ganuwar birnin Katsina.

Ba a musun amfanin sharaɗin, domin shi ke hana kowa mayar da kundin fagen kirarin kakanninsa. Illarsa ita ce ya ɗauki ɗab'i a matsayin shaidar inganci. Mafi yawan abin da aka sani game da Ƙofar Guga, kamar asalin sunanta da gidajen da suka yi tsaronta, yana bakin dattawan unguwar ne. A bisa ƙa'ida, Heinrich Barth, baƙon da ya ratsa Katsina a 1851 da 1853, madogara ne. Dattijon da ya gaji labarin kaka da kakanni kuwa ba madogara ba ne. Alhali Yusufu Bala Usman ya nuna cewa rahoton Barth kansa yana bukatar tankaɗe da rairaya, kuma a littafinsa na tarihin Katsina na 1981 ya dogara ƙwarai da hira da dattawa.

Wannan ba ya nufin a karɓi kowace ruwaya ido rufe. Malaman hadisi sun daɗe da nuna hanyar tantance magana ta duban isnadi da halin mai ruwaya. A 2011 Achal Prabhala ya jarraba shigar da madogaran baka cikin Wikipedia a Indiya da Afirka ta Kudu, sai dai ƙa'idar ba ta sauya ba.

Saboda haka nauyin ya koma kan jami'o'i da mujallu irin wannan. Duk ruwayar da ɗalibi ya naɗa, ya ambaci mai ba da ita da rana da wuri, ya gwada ta da wasu, aka wallafa, ta zama madogara. Wadda aka yi wa jinkiri kuwa, ranar da aka kai mai ita makwanci, da ita za a rufe shi.