Baddala a Wasan Kwaikwayo na Kan Tebur: Nazarin Ɗauke The Keep on the Borderlands Zuwa Duniyar Eberron

1.0 Gabatarwa

Masana adabin Hausa sun daɗe da sanin baddala, wato a ɗauko labari daga wata al'umma a sake masa riga ta yadda zai zauna daram a wata. Ita ce hanyar da Abubakar Imam ya bi a Magana Jari Ce, inda labaran Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus suka koma kamar a fadar wani sarkin Hausa aka haife su. Wannan maƙala za ta dubi baddala ne a wani fage da masu nazari ba su cika leƙawa ba, wato wasan kwaikwayo na kan tebur, wanda ya samo asali a Amurka. Abin da za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, sauya sunayen garuruwa da na sarakuna shi ne mafi ƙanƙantar aikin mai baddala, domin kuwa muhallin labari yana riƙe da jigonsa, kuma idan aka taɓa ɗaya sai ɗayan ya motsa.

A shekarar 1974 ne Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons. Yadda ake yin sa shi ne, mutum huɗu ko biyar su zauna a tebur, kowanne ya ɗauki tauraro guda ya riƙa magana da yanke shawara a madadinsa. Mutum ɗaya shi ne jagora. Shi ke bayyana wuri da abin da ke faruwa, shi ke ara wa sauran halittu baki. Idan tauraro ya yi yunƙurin da zai iya ci ko ya faɗi, sai a jefa ƙwayoyi masu lambobi irin na wasan lido su raba gardama. Littattafan da ake bugawa domin jagora iri biyu ne. Akwai littafin kasada, mai ɗauke da taswira da abokan gaba da dukiyar da za a nema. Akwai kuma littafin duniya, mai bayyana tarihi da addinai da siyasar wata ƙagaggiyar duniya. Sau da yawa jagora kan so kasadar da aka rubuta domin wata duniya alhali shi a wata yake wasa, daga nan ne buƙatar baddala ke tasowa.

2.0 Littafin Asali

Gygax ne ya rubuta The Keep on the Borderlands, kamfanin TSR ya buga shi a 1979, an kuma daɗe ana sayar da shi cikin akwatin 'yan koyo. Zubinsa mai sauƙi ne. Akwai sansani mai ganuwa a bakin iyakar ƙasar 'yan Adam, irin wanda Bahaushe zai kira ribaɗi. Ba da nisa ba akwai wani kwari mai kogwanni inda ƙabilun dodanni ke zaune: goblin, da ok, da masu kan kura, da wani mai kan sa da jikin mutum, sannan can ciki akwai ɗakin bauta na masu aƙidar Hargitsi. Taurari kan fita daga ribaɗi su afka wa kogwanni, su dawo da ganima, su huta, su koma.

Marubucin bai ba mutanen ribaɗin suna ba, da muƙamansu kawai ya kira su, bai kuma faɗi sunan ƙasar ba. Wannan ya sa ake ɗaukar littafin a matsayin wanda za a iya dasawa ko'ina. An kuwa dasa shi: a 1987 an sanya shi a ƙasar Karameikos ta duniyar Mystara, a 1999 kuma John D. Rateliff ya rubuta masa ci gaba a duniyar Greyhawk. Duk biyun sun karɓe shi, saboda sun yi tarayya da shi a kan ginshiƙi guda, wato duniya ta rabu biyu tsakanin Tsari da Hargitsi, ɗan Adam yana ɓangaren farko, dodo yana na biyu. Rashin suna bai zama rashin aƙida ba.

3.0 Duniyar Eberron

Keith Baker ne ya ƙago Eberron. Ita ce ta yi nasara a gasar da kamfanin Wizards of the Coast ya shirya a 2002, wadda aka aiko wa da shawarwari fiye da 11,000, aka kuma buga littafinta a 2004. Labarinta yana farawa ne shekara biyu bayan yarjejeniyar Thronehold, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin kusan shekara ɗari a nahiyar Khorvaire. A wannan duniya sihiri sana'a ne: akwai jirgin ƙasa mai tafiya da shi, da ofisoshin aika saƙo, da bankuna, duk a hannun wasu manyan gidajen kasuwanci. Mafi muhimmanci ga wannan nazari shi ne matsayin dodanni. Goblin su ne suka kafa tsohuwar daular Dhakaan tun kafin ɗan Adam ya sa ƙafa a nahiyar, kuma ƙasarsu ta Darguun tana cikin waɗanda yarjejeniyar ta amince da su. Wasu daga cikin ok ne suka ceci duniya daga wani mamaye a zamanin da. A yamma da masarautar Breland kuma akwai Droaam, ƙasar dodanni iri-iri, wadda ta ayyana 'yancinta amma aka ƙi amincewa da ita.

4.0 Abin da Ke Sauyawa

Neman wuri ba ya ɗaukar lokaci. Iyakar Breland da Droaam ta dace da ribaɗin, domin nan ne kaɗai za a tarar da ƙabilu mabambanta haka a kwari guda ba tare da an yi mamaki ba. Bankin ribaɗin ya koma hannun gidan Kundarak, masaukin baƙi ya koma na gidan Ghallanda. Irin wannan shawara ce kamfanin ke bayarwa a 'yan gajerun bayanai cikin Tales from the Yawning Portal na 2017, inda ake nuna wa jagora wurin da zai ajiye kowace kasada a taswirar wata duniya. Shawarar tana da amfani, sai dai a bakin ƙofa ta tsaya.

Matsalar tana cikin kogwannin. Gygax ya ƙidaya mazaunansu ɗaki bayan ɗaki, har da mata da ƙananan 'ya'ya. A duniyar asali wannan ƙidaya ado ce, ko kuwa ɗan abin da zai sa mai wasa ya yi jim kafin ya ci gaba. A Eberron kuwa ita ce ke kifar da labarin gaba ɗaya. Taurarin da suka fito daga sansanin sojan Breland suka shiga gidajen wasu mutane masu harshe da tarihi, suka kashe su suka kwashe kayansu, mahara ne. Idan waɗanda aka kashe 'yan Darguun ne, to an ma keta yarjejeniyar sulhu. Masu sharhi da dama sun lura cewa littafin asali ya yi kama da labaran kaboyi, inda mazaunan ƙasa na farko ke zama cikas kawai a gaban baƙo. Eberron an gina ta ne domin ta tuhumi irin wannan kallo, saboda haka ba za ta ɗauke shi a bayanta ta yi shiru ba.

Hanya biyu ce ke gaban mai baddala. Ko dai ya riƙe zubin asali ya mai da goblin ɗin Eberron dodanni marasa tarihi, wanda cin amanar duniyar ne, ko kuwa ya riƙe duniyar ya bar jigo ya sauya daga yaƙin Tsari da Hargitsi zuwa rikicin iyaka. Hanya ta biyu ta fi, kuma abin sha'awa shi ne littafin da kansa ya tanadi kayan aikinta. Ƙabilun kwarin ba su ga maciji da juna, wasu kuma suna ƙawance. Goblin kan biya wani ƙaton dodo kuɗi ya yi musu faɗa, wanda ya yi daidai da sojan hayar da gidan Tharashk ke dillanci daga Droaam. Ke nan akwai waɗanda za a zauna da su a yi ciniki. Abokin gaba na haƙiƙa sai ya rage masu ɗakin bautar nan da ke tayar da gawawwaki, waɗanda ke cin moriyar rashin jituwar kowa. Amma fa wannan gyara yana da tsada. An rubuta littafin ne domin ɗan koyo ya san inda zai nufa da takobinsa, baddalar kuwa ta ɗora masa nauyin siyasa tun a zaman farko.

4.1 Jita-jita, Malami da Fursuna

Wani ƙaramin misali zai fi jan hankalin masana harshe. A cikin jita-jita ashirin da taurari kan ji a ribaɗin, akwai ta ƙarya da ke cewa wata kalmar goblin tana nufin miƙa wuya, alhali kiran gangami ce. Tarkon yana aiki ne kawai idan babu mai jin harshen a kusa. A Khorvaire kuwa harshen goblin tsohon harshen daula ne, masu magana da shi suna zaune har a unguwannin birnin Sharn, kuma tsofaffin sojoji sun yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da su. Kowane ɗan kasuwa zai ƙaryata zancen. Dole mai baddala ya jefar da shi, ko ya mai da shi ƙarya da wani ya shuka da gangan, sa'annan ya nemo wanda ya shuka ta da dalilinsa.

Akwai kuma wuraren da ƙaurar ta ƙara wa labarin armashi. A ribaɗin akwai wani malamin addini mai fara'a wanda a ɓoye ɗan leƙen asirin masu ɗakin bautar ne. A Eberron alloli ba su sa baki a fili, malami kan lalace bai kuma rasa ikonsa na sihiri ba. Don haka ba sai ya zama mai sojan gona ba, yana iya zama cikakken ɗan cocin Silver Flame wanda zuciyarsa ta ruɓe, kuma tona shi zai fi wuya. Haka nan Medusa ɗin nan da aka tsare a kurkukun ɗakin bautar, mai macizai a madadin gashi, wadda kallonta ke mai da mutum dutse. A wurin Gygax tarko ce ga mai gaggawar ceton mace. A Droaam irinta suna da birni, Cazhaak Draal, da sarauniya, saboda haka fursunar tana da dangin da za su nemi bahasi.

Nan ne mai wannan baddala ya bambanta da Imam. Imam shi ke riƙe da alƙalami har ƙarshen labari, yana iya toshe duk ɓarakar da ƙaura ta haifar. Jagora kuwa bai san ko masu wasa za su kwance Medusa su raka ta gida ba, ko za su kashe ta. Wajibi ne ya shirya martanin sarauniyar Cazhaak Draal a kan kowanne daga cikin biyun tun kafin a zauna a tebur.